Kafin Ka Ce Jirgin Ya Lalace

Ƙannena na Sundimina, da na Birnin Kudu da Gwaram, yau da 'yan kaɗan daga cikinku zan yi magana, waɗanda son jirgin sama ya shiga ransu har suka ɗora manhajar kwaikwayon tuƙi a kwamfuta, suna tashi daga Kano su sauka Abuja alhali suna zaune a zauren gidansu. Na san ba ku da yawa, na kuma san akwai masu yi muku kallon waɗanda suka rasa aikin yi. Ni ban ɗauke ku haka ba. Tun a 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera akwatin da ake koyon tuƙin jirgi a cikinsa a ƙasa, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu dubun dubatar matuƙa da shi suka koyi tafiya da agogunan jirgi kaɗai, ba tare da ganin waje ba. Har yau matuƙin jirgin fasinja, komai daɗewarsa a aiki, sai ya riƙa komawa na'urar kwaikwayo ana gwada shi. Kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana da irin wannan babbar na'ura ta Boeing 737. Abin da ke gabanku ƙaramin ɗan'uwan wancan ne, kuma ya cancanci a riƙe shi da mutunci.

Ranar da abin ya ƙi nake son mu yi magana a kanta. Ka tara kuɗin data, ka bar kwamfuta tana saukewa tsakar dare lokacin da sabis ya fi ƙarfi, ka samo jirgin ƙari, irin wanda wasu mutane daban suke ƙerawa don a ɗora shi kan manhajar. Wataƙila A32NX ne na FlyByWire, wanda ake bayarwa kyauta ga masu Microsoft Flight Simulator, ko Boeing 737 na Zibo da ake ɗorawa kan X-Plane. Ka shiga ɗakin matuƙi da ɗoki, sai ka tarar da alluna baƙi ƙirin. Ko sun kama amma babu komai a kansu sai jan rubutu. Ko ka leƙa waje ka ga fuka-fukin jirgin sun koma ruwan hoda. Abin da zuciya take fara raya maka shi ne ka goge komai ka sake saukewa daga farko.

Kada ka yi haka. Kamfanin da ya yi Microsoft Flight Simulator na 2020 cewa ya yi a tanadar masa wurin gigabait 150 a kwamfuta. Wanda ke Ingila da intanet na waya a cikin gida zai iya gogewa da yamma ya wayi gari ya gama saukewa. Kai kuwa da katin data kake saye, kana jiran wuta ko kana lallaɓa batirin sola, wannan gogewar asara ce da za ka daɗe kana jin ta a aljihu. Abin da ya fi asarar kuɗin ciwo shi ne, ko da matsalar ta tafi, ba ka san abin da ya kawo ta ba, don haka ranar da ta dawo kana nan inda kake. Dubi bakaniken babur na ƙwarai a bakin tashar Birnin Kudu. In aka turo masa mashin ya ƙi tashi, ba ya fara da kwance inji. Zai jijjiga tanki ya ji ko da mai, ya ciro fulogi ya duba, ya taɓa wayar batir. Daga mai sauƙi yake farawa, kuma abu ɗaya yake taɓawa kafin ya sake buga kik. Haka ake neman cuta a kowace na'ura.

Tambayar farko ita ce: shin jirgin ya lalace kuwa? Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, kai ne ba ka tashe shi yadda ake tashinsa ba. Jiragen da suke zuwa da manhajar an sauƙaƙa su, maɓalli ɗaya kan isa ya kunna komai. Masu ƙera jirgin ƙari kuwa alfaharinsu shi ne ya yi halin na gaske, kuma jirgin gaske da ya kwana a fili ba shi da wuta. Sai ka ɗaga kai ga makunnan da ke saman kanka ka kunna batura. A manyan jirage batir kaɗai ba ya ciyar da dukkan alluna, sai an haɗa wutar ƙasa daga janareton filin jirgi, ko an tada ƙaramin injin nan da ke cikin wutsiya, wanda ake kira APU. In wuta ta shigo, allunan Airbus sukan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi suna gwada kansu kafin su nuna komai. Kowane allo kuma yana da abin murɗawa na haske, wanda in aka murɗa shi ƙarshe yake kashe allon ɗungurungum. Mutum nawa ne suka tsine wa masu ƙera jirgi alhali abin murɗawa ɗaya ne ke tsakaninsu da haske!

To alluna sun kama, amma babu taswira, babu layin da ke raba sama da ƙasa, sai jajayen haruffa. A nan ma ba lalacewa ba ce, kuma dalilin yana da daɗin sani. Jirgin fasinja yana ɗauke da na'urori masu gano inda yake da inda ya fuskanta ba tare da dogaro da wani abu daga waje ba. Kafin a tashi, sai an bar jirgin tsaye cak na 'yan mintuna, na'urorin suna sauraron juyawar duniya a ƙarƙashinsu, daga nan su gano arewa ta ainihi. A Boeing 737 wannan jira yakan ɗauki daga minti 5 har zuwa 17, gwargwadon nisan wurin daga layin ikwaita, kuma mu nan da muke kusa da layin namu yana cikin gajeru. Sai ka murɗa makunnansu zuwa NAV, ka shigar da wurin da kake a kwamfutar jirgin, misali DNKN in a filin Malam Aminu Kano kake, sannan ka jira. In ka motsa jirgin kafin su gama, ka mai da hannun agogo baya. A ƙananan jirage masu allon Garmin G1000, irin Diamond DA40 da ɗaliban Zariya suke koyo da shi, za ka ga jan gicciye a kan agogunan har sai na'urar ta daidaita, kuma akwai makunni na daban da ke ba kayan lantarki wuta bayan na batir. In ka tashi sama kuma alluna suka mutu bayan an yi nisa, duba ko ka kunna abin da ke cajin batir daga inji. In ba ka kunna ba, batirin ne ya ƙare, kuma da jirgin gaske ne haka zai yi maka.

Duk wannan a rubuce yake cikin littafin da ke zuwa tare da jirgin, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Karanta shi, ƙanena. Turancinsa yana da nauyi da farko, amma shi ne Turancin da ake aiki da shi a sama ko'ina a duniya, kuma kowace kalma da ka sha wuya ka gane ta zama taka.

Akwai wata matsala da nake so ka kula da ita sosai, wato agogon gudu ya faɗi sifili ko ya riƙa hauka kana cikin gajimare. Jirgi yana sanin gudunsa ne ta wani ɗan bututu da ke gefen hancinsa, wanda iska ke bugawa. In ƙanƙara ta toshe shi, agogon sai ya yi ƙarya, shi ya sa aka sa masa abin ɗumamawa da matuƙi ke kunnawa. Jiragen ƙari masu kyau suna kwaikwayon wannan, wasu har da murfin bututun da sai ka cire kafin tashi. A watan Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika ya faɗa teku, mutum 189 suka rasu. Jirgin ya yi kusan makonni uku a ajiye, kuma masu bincike sun fi zargin cewa zanzaro ne ya yi gini a cikin bututun ɓangaren kyaftin. Zanzaron nan dai da muke gani yana ɗaukar laka yana gini a kusurwar ɗaki. Agogon mataimakin kyaftin yana faɗin gaskiya a daren nan, amma ruɗani ya hana a dogara da shi a kan lokaci. Darasin yana yi maka aiki ko a gaban kwamfuta. In allo ɗaya ya saɓa, kwatanta shi da na ɗaya ɓangaren da kuma ƙaramin agogon ko-ta-kwana da ke tsakiya. In biyu sun yarda ɗaya ya fita daban, to cutar tana cikin tsarin jirgin, kuma wataƙila da gangan aka kwaikwayo ta. Leƙa shafin da ake tsara lalacewa a manhajar, domin X-Plane na iya jefo maka lalacewa haka kawai in an bar wannan a kunne. In kuwa komai ya rikice lokaci guda, har da gajimare da ƙasa, to ka bar zargin jirgin, ka koma kan kwamfutarka.

Yanzu a ce ka bi duk wannan, jirgin bai gyaru ba. Sai ka ɗauki ɗaya daga jiragen da suka zo da manhajar, a filin nan, a yanayin nan. In shi ma allonsa ya ƙi, matsalar ta fi ƙarfin jirgin ƙari. In shi lafiya lau, ka rage fagen nema da rabi.

Mafi yawan abin da ke ɓata jirgin ƙari rikici ne tsakaninsa da wani ƙarin. A Microsoft Flight Simulator duk abin da ka ƙara yana zaune a folda mai suna Community, kuma biyu daga cikinsu na iya taɓa fayil ɗaya, na ƙarshen lodawa ya danne na farko. Fentin jirgi kaɗai, irin wanda ake saukewa don a ga launin kamfanin da ake so, yana iya kashe alluna in an yi shi ne don tsohon zubin jirgin, saboda wasu fentin suna tafe da tsofaffin fayilolin ɗakin matuƙi. Ga yadda za ka kama mai laifi. Kwashe komai daga foldar ka ajiye a wani wuri, kada ka goge, ka bar jirgin shi kaɗai. In ya yi aiki, mai da rabin abin da ka kwashe ka gwada. In cutar ta dawo tana cikin wannan rabin, in ba ta dawo ba tana cikin ɗayan. Sake raba rabin da ake zargi biyu. Ko da ƙari 32 gare ka, gwaji biyar ya isa ya nuna maka shi. Wanda ke cirewa ɗaya bayan ɗaya zai iya kwana yana yi, wanda kuma ya canza abu uku a lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ya yi maganin ba.

Ruwan hoda a jikin jirgi kuwa ma'anarsa ɗaya ce, manhajar ta nemi hoton da za ta lulluɓe wurin da shi ba ta same shi ba. A wurinmu dalilin da ya fi yawa shi ne sabis ya yanke ana cikin saukewa, fayil ya zo a gutsure. Kwatanta girman abin da ka samu da girman da masu shi suka rubuta. Wani lokaci kuma wajen kwance ƙunshin ne folda ta shige cikin wata folda, alhali wadda ke ɗauke da manifest.json da layout.json ita ce ya kamata ta zauna kai tsaye a cikin Community. Windows ma yana da iyakar haruffa 260 ga tsawon adireshin fayil, don haka in ka binne jirgin cikin folda bayan folda masu dogayen sunaye, wasu fayiloli za su ƙi fitowa ba tare da ka lura ba.

Sai sabuntawa. Masu manhajar daban, masu jirgin ƙari daban, kuma ba tare suke tafiya ba. Lokacin da X-Plane ya koma sabuwar hanyar zana hoto mai suna Vulkan a zubi na 11.50 cikin 2020, ƙari da yawa da aka yi don tsohuwar hanya sai da masu su suka sake gyara su. Irin wannan yana faruwa kusan duk lokacin da aka yi babbar sabuntawa. In jiya jirginka lafiya yake, yau ya ƙi, tambayi kanka me ya canza tsakanin jiya da yau. In manhajar ce ta sabunta kanta, babu abin da za ka murɗa ya gyaru, sai haƙurin 'yan kwanaki har masu jirgin su fitar da nasu gyaran. Kuma in X-Plane kake amfani da shi, buɗe fayil ɗin nan Log.txt da yake rubutawa duk lokacin da ka tashe shi. Gangara ƙarshensa. Sau da yawa sunan abin da ya kawo cikas yana nan a rubuce ƙarara.

Kada ka manta da sandar tuƙi ko abin wasan da ka haɗa. Maɓalli ɗaya da aka ɗaura wa aiki biyu yana iya riƙa kashe maka batir kana kunnawa, sanda mai tsufa kuma tana iya karkata jirgi ba ka taɓa ta ba. Zare ta ka gwada da linzamin kwamfuta kawai.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba, domin ba a ƙasarmu aka rubuta su ba. Yawancinku kwamfutocin hannu ne gare ku, na gwanjo, irin waɗanda ake samowa a kasuwannin Kano. Ƙurar hunturu tana toshe musu hanyar iska, zafin bazara na watan Afrilu kuma yana sa su rage gudun kansu don kada su ƙone. Alamarsa ita ce komai ya tafi daidai da farko, bayan an jima hoto ya fara tsinkewa, alluna su riƙa daskarewa. Kada ka ɗora ta kan katifa ko darduma. Ɗaga bayanta iska ta ratsa, ka sa mai gyara ya buɗe ya share fankar. Kwamfutar hannu tana rage ƙarfinta in ba a jone take da wuta ba, kuma mai katin hoto biyu tana iya tafiyar da manhajar a kan ƙaramin katin ba ka sani ba. In katin hoton ya cika, hotuna za su dushe ko manhajar ta rufe kanta, maganinsa kuwa ka rage ingancin hoto a saiti. Gara alluna masu karantuwa da gajimare marasa kyau da a ce akasin haka. In kuma kwamfutar ba za ta iya ba sam, FlightGear kyauta ne tun 1997 kuma bai cika nauyi ba, X-Plane 11 kuma ba ya buƙatar janyo duniyarsa daga intanet bayan an gama ɗora shi, saɓanin Microsoft Flight Simulator na 2024 da ke janyo yawancin duniyarsa daga intanet kana cikin tafiya.

Wata magana kuma ba zan ɓoye ta ba. Akwai jiragen ƙari na kuɗi, irin na PMDG, kuma akwai masu fasa su suna rabawa. Na san dala ta yi tsada, na san katin banki ma yakan ƙi biya a waje. Duk da haka gumin masu ƙera su ne, mutane ne suka yi shekaru suna aikin, kuma ɗaukar haƙƙin wani bai zama halal don yana nesa ba. Ban da haka, fasasshen jirgi tsohon zubi ne da ba ya sabuntuwa, sau da yawa da fayiloli a ɓace, wani lokaci da ƙwayar cutar kwamfuta a ciki, kuma ba ka da bakin zuwa ka tambayi masu shi. Na kyauta na halal sun ishe ka shekaru kana koyo.

In matsala ta same ka kana sama, kada ka saki tuƙi ka duƙufa kan allo. A ƙarshen Disambar 1972 jirgin Eastern Air Lines mai lamba 401 yana shirin sauka Miami, sai fitilar da ke nuna ƙafar gaba ta sauka ta ƙi kamawa. Matuƙan duka suka tattara hankalinsu kan fitilar, ba su lura na'urar da ke riƙe tsayin jirgin ta saki ba. A hankali ya yi ta gangarowa cikin duhu har ya faɗa fadama, mutum 101 suka rasu. Ƙafar kuwa ta sauka lafiya, ƙwan fitilar ne ya ƙone. Shi ya sa ake koya wa kowane matuƙi jeri ɗaya: tuƙa jirgi tukuna, sannan ka san inda ka dosa, sannan ka yi magana. Kai kana da maɓallin tsayarwa wanda su ba su da shi, amma wani lokaci ka ƙi taɓa shi, ka sauko da jirgin da ƙananan agogunan ko-ta-kwana, ka ga ko za ka iya.

Ina so in faɗa maka gaskiya game da inda wannan zai kai ka. Awannin da ka yi a kwamfutar gida ba a lissafa su wajen ba da lasisi, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ce ke bayarwa bayan horo a makaranta da aka amince da ita, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Ƙofar shiga ita ce sakamako mai kyau a lissafi da fiziks da Turanci, don haka jirgin da ya hana ka karatu ko ya sa ka jinkirta salla ya cuce ka. Amma aikin sama ba tuƙi ne kaɗai ba. Zariya tana horar da injiniyoyin jirgi, da masu gyaran kayan lantarkinsa, da masu ba jirage hanya daga hasumiya, kuma tun da aka buɗe filin jirgin Dutse a 2014 wannan duniyar ta matso kusa da mu. Ku ma ƙannena mata da ku nake, domin Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta shugabanci kwalejin nan ta Zariya.

A kowane jirgin gaske akwai littafi da matuƙi ke rubuta duk abin da ya ga ya saɓa, injiniya ya rubuta abin da ya yi a ƙasansa ya sa hannu. Sayi ƙaramin littafin rubutu ka yi naka. Rubuta rana, da sunan jirgi da lambar zubinsa, da zubin manhajar, da abin da ka gani daidai yadda ka gan shi, da abu ɗayan da ka canza, da abin da ya biyo baya. In ka kai ga rubuta wa masu jirgin, kada ka ce musu kawai ya ƙi aiki. Gaya musu cewa allon hagu ne ke mutuwa da zarar ka tada inji na biyu, cewa ka gwada da foldar ƙari a kwashe, cewa jirgin da ya zo da manhajar bai yi haka ba, ka haɗa musu da hoton allon da fayil ɗin Log.txt in X-Plane ne. Yawancin masu yin jiragen kyauta bayan sun tashi daga aikinsu suke yi, ba wanda ke biyan su, saboda haka ka fara da gaisuwa da godiya, kuma in matsalar ta warware ka koma ka sanar da su abin da ya warware ta.